Wa ke da ta cewa a saitunan manhaja?

Matasanmu masu rubuta manhaja a Jidda da Makka sun daɗe suna gardama kan abu ɗaya: idan fayil ya ce a bi agogon Makka, sabar (kwamfutar da manhajar ke aiki a kanta) kuma ta ce na Kano, wa manhajar za ta saurara? Tazarar awa 2 ce, amma ta isa motar alhazai ta tashi ta bar su. Wasu na cewa yayin ɗora manhaja a gajimare, wato kan kwamfutocin haya ta intanet, ne ya jawo haka. A ganina matsalar ta girme shi nesa.

Farkon labarin sananne ne. A 1979 tsarin kwamfuta na Unix ya zo da ƙimomin muhalli, wato saitunan da tsarin ke miƙa wa manhaja idan ta tashi, Windows ta yi zamanin fayilolin saiti na INI, sannan rajista, rumbun saitunanta, a 1992. Ga kuma layin umarni, inda ake rubuta saiti yayin tayar da manhaja. Majiyoyin saiti suka yawaita.

Inda ba a cika waiwaya ba shi ne 1996, lokacin da harshen Java ya fito da ajin Properties, wato samfurin ma'ajin saituna. Ana iya ƙirƙirar ma'aji ɗaya a jingina shi da wani a matsayin madogara. Ka tambaye shi saiti, in babu a wurinsa ya tambayi na bayansa, shi ma ya tambayi nasa. Dabara ce mai kyau, domin sauran manhajar ba ruwanta da inda amsa ta fito, kuma ɓoye irin wannan shi ne ginshiƙin rubutun manhaja bisa abubuwa. Sai dai abin da aka ɓoye ɗin shi mai gyara yake nema ranar da ta ɓaci. Amsa ta iso, amma kamar jita-jitar kasuwa, ba a san bakin da ta fito ba. Akwai ma tarko: cikin umarnan neman saiti, getProperty na bin jerin madogara, get kuwa ba ya bi, don haka tambaya ɗaya kan ba da amsa biyu.

Masu rubutu suka ɗauki salon suka yi ta ƙara hawa. A Spring Boot, kayan gina manhaja da Java, layin umarni ya danne muhalli, muhalli ya danne fayil. A ChainMap na harshen Python, mai jera majiyoyi, ta farko ke cin nasara, a .NET na Microsoft kuwa ta ƙarshe. Wanda ya saba da ɗaya ya koma ɗayan, dole ya sha wuya.

Sai a 2016 Git, manhajar adana tarihin sauye-sauyen fayiloli, ta ƙara umarnin da ke nuna fayil ɗin da kowane saiti ya fito. A gardamarmu ta Jidda har yanzu kan jeri ake ja, kaɗan ne ke neman manhajar ta riƙa faɗin majiyarta tun tana tashi.