Biyan bashi ba ya goge tarihinsa nan take

An daɗe ana ɗauka cewa da zarar mutum ya sasanta da masu karɓar bashi, wato waɗanda ke bin mutum su karɓo wa mai ba da rance kuɗinsa, ya biya wani abu, sunansa ya wanku ke nan. Ba abin mamaki ba ne, domin haka ake yi a kasuwa, ana biya ana soke suna a littafi.

A tsarin banki kuwa, kamfanonin da ke adana tarihin bashi a Najeriya suna rubuta abin da mai ba da rance ya aika musu ne, kuma jinkirin da aka yi yakan ci gaba da bayyana na tsawon shekaru, sai dai a nuna cewa an biya. Mai karɓar bashi ba shi da ikon gogewa, ko da ya yi alkawari ta waya.

Saboda haka, kafin ku tura ko sisi, ku nemi yarjejeniya a rubuce wadda ta fayyace adadin kuɗin, da kuma ko shi ne zai rufe bashin gaba ɗaya. Ku adana rasit, ku karɓi takardar shaidar kammala biya, sannan bayan 'yan makonni ku nemi rahoton bashinku daga kamfanonin da ke adana tarihin bashi ku duba da idonku. Idan kun ga kuskure, dokar rahoton bashi ta Najeriya ta 2017 ta ba ku damar neman gyara.

Don Allah ku isar da wannan bayani ga 'yan uwa.