Makunnin kashe kyamara da makirfo a laftof: me yake yi, kuma yana da amfani?

Wai mene ne wannan makunnin?

Wani ɗan ƙaramin abu ne a jikin laftof, yawanci a gefe ko can sama kusa da kyamara, da ka tura shi sai ya yanke wuta ko layin da ke haɗa kyamara da makirfo da sauran kwamfutar. Kwamfutar ma sai ta daina samun hoto ko sauti daga gare su, tamkar an zare su.

To ai a saiti ma ina iya kashewa, mene ne bambancin?

Nan fa ake yin kuskure. Abin da ka kashe a saiti manhaja ce ta kashe shi, kuma duk abin da manhaja ta kashe wata manhajar za ta iya kunnawa, idan ɗan kutse ya samu shiga kwamfutarka ba sai ya nemi izininka ba. Amma layin da aka yanke, komai gwanintarsa ba zai haɗa shi daga nesa ba sai dai ya zo ya sa hannu. A kula kuma, maɓallin rufe makirfo da ke kan kibod galibi shi ma na manhaja ne.

Ba ƴar fitilar nan ke nuna kyamara na aiki ba?

Tana nunawa, amma ba a kowace laftof za ka saki jiki da ita ba. A 2013 masu bincike a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun nuna za a iya kunna kyamarar wasu tsofaffin MacBook, wato laftof ɗin kamfanin Apple, fitilar ba ta kama ba. Makirfo kuwa sau da yawa ko fitilar ma ba shi da ita.

In na liƙa salatif fa?

Yana maganin kyamara kam, ko Mark Zuckerberg mai Facebook an ga haka a laftof ɗinsa a wani hoto a 2016. Sai dai salatif ba ya hana ji, kuma ni wallahi makirfon ya fi damuna, kyamara fuskarka kawai za ta gani ko silin, shi kuwa makirfo hirar iyali da sirrin aiki da duk maganar da aka yi a ɗakin zai kwashe. Sannan Apple sun yi gargaɗi cewa rufe MacBook da murfin kyamara mai kauri na iya fasa sikirin.

Waɗanne laftof ne ke da shi?

Librem na kamfanin Purism da kuma laftof ɗin kamfanin Framework suna da makunni na gaske na kyamara da makirfo. ThinkShutter na Lenovo murfi ne kawai da ake ja ya rufe idon kyamara. MacBook daga na 2018 masu T2, wato wani guntun na'urar tsaro da Apple ya sa a ciki, suna yanke makirfo da kansu, amma sai an rufe laftof ɗin.

Shi kenan na tsira?

A'a. Wanda ya shiga kwamfutarka zai iya karanta saƙonninka ya kwashe fasuwod, makunni bai hana wannan ba, kuma in ka jona iyafis mai makirfo to wannan hanya ce daban da makunnin bai rufe ba.