Sabon maganin ciwon nan da ake ta tambayata a kai

Tun da labarin ya ɓulla, ba ranar da ba a tsayar da ni a kemis. Bari in amsa sau ɗaya, mu huta.

Da gaske an yi maganin ciwo mai ƙarfi da ba ya sa maye?

Da gaske ne. Sunansa suzetrigine, ana sayar da shi da sunan Journavx. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi a Janairun 2025.

Ai tiramol ba dangin kodin ba ne, ko?

Danginsa ne. Na faɗa har bakina ya gaji.

To me ya bambanta sabon?

Su tiramol a ƙwaƙwalwa suke aiki, shi ya sa suke kama jiki. Wannan kuwa wata 'yar ƙofa yake toshewa a jijiyoyin da ke ɗaukar saƙon ciwo, tun saƙon bai isa ƙwaƙwalwa ba.

Shekara biyu ina shan tiramol saboda ciwon baya. In daina in nemi sabon?

Malam, bi a hankali. Ciwo na ɗan lokaci aka amince a ba da shi, kamar na bayan tiyata. Naka da ya wuce wata uku wani abu ne daban. A 2024 an gwada shi a kan ciwon bayan da ke sauka ƙafa, bai fi ƙwayar da ba magani a cikinta ba. Wataƙila ya yi wa masu ciwon suga da ƙafafunsu ke zugi, ana kan gwaji, amma ba zan yi maka alkawari ba. An taɓa ɗora buri a kan wata allurar rage ciwo, tanezumab, aka watsar a 2021 don tana lalata gaɓoɓin wasu.

Tiramol ɗin kuma kada ka yanke shi dare ɗaya, jikinka zai tayar maka da hankali. Likita ne zai rage maka sannu a hankali. In ciwon na jijiya ne, ƙila ya ba ka amitriptyline ko pregabalin, shi ma pregabalin ɗin yana kama wasu. Kada kuma ka koma zuba diclofenac kullum, ƙoda da gyambon ciki ba sa yafewa. Ba kai kaɗai ba ne, ana rabuwa da tiramol.

Sabon maganin nawa ne?

Da ya fito a 2025, dala 15 da rabi aka sa wa ƙwaya ɗaya a Amurka. Mai tallar magani a tasha da ya ce yana da shi, ka riƙe kuɗinka.