Waiwaye: Yadda Haruffan "Kyauta" Suka Zo Da Sharaɗi

Mai zane a kwamfuta kan shiga shafi irin DaFont, ya ga salon haruffan da ya burge shi, ya sauke, ya ƙawata fasta ko tambarin kamfani da shi, ya karɓi kuɗinsa. Ƴar takardar da ke biye da fayil ɗin ba kowa ke buɗe ta ba, alhali sau da yawa a cikinta aka rubuta cewa kyautar ta amfanin kai ce kawai, ban da kasuwanci.

Rigimar ta girmi intanet. Tun zamanin da ake zuba haruffa da dalma, maƙera haruffa ke kwaikwayon juna. A 1973 aka ƙulla yarjejeniya a birnin Biyana na ƙasar Austriya don kare zanen haruffa, amma ƙasashen da suka amince da ita ba su kai adadin da za ta fara aiki ba. Kowa ya kama gabansa: Jamus ta yi dokarta a 1981, Ingila ta ba da kariyar shekara 25 a dokar 1988. Amurka kuwa ta ƙi. A shari'ar kamfanin Eltra ta 1978, kotu ta ce siffar harafi ba ta shiga haƙƙin mallaka.

Zuwan kwamfuta ne ya sauya lissafin. Harafi ya koma fayil, fayil kuma manhaja ne. A 1992 ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya fara yi wa irin waɗannan manhajoji rajista, a 1998 kuma kamfanin Adobe ya kayar da kamfanin Southern Software a kotu saboda kwafar masa haruffa. Ma'ana, a Amurka siffar ta kowa ce, amma fayil ɗin yana da mai shi. Abin da kake saukewa izinin amfani ne, kuma mai kaya ke yanke iyakarsa: na bugawa daban, na shafin intanet daban, na manhajar waya daban. Manya ma ba su tsira ba, don a 2009 kamfanin ƙera haruffa na Font Bureau ya maka kamfanin talabijin na NBC Universal a kotu yana neman dala miliyan 2, bisa zargin an girka haruffansa a kwamfutoci fiye da yadda lasisi ya yarda.

Sauƙin ya fito ne daga inda ba a zata ba. Ƙungiyar SIL, mai aiki kan harsunan da manyan kamfanoni suka yi wa ko-in-kula, ta fitar da lasisin haruffan kyauta mai suna OFL (Open Font License) a 2005, ta gyara shi a 2007. Ya halatta a yi kasuwanci da haruffan, a gyara su, a raba wa wasu, muddin ba a sayar da fayil ɗin shi kaɗai ba. A kansa akasarin haruffan Google Fonts, rumbun haruffan kyauta na Google da aka buɗe a 2010, suke.

A ganina nan ne mai rubuta Hausa ya fi cin moriya. Galibin haruffan ƙawa na amfanin kai ba su da ɓ, ɗ da ƙ, kuma lasisinsu kan hana a taɓa fayil ɗin, balle a ƙara musu lanƙwasa. Salon haruffa masu lasisin OFL irin su Charis, Andika da Noto kuwa da waɗannan baƙaƙen suka zo.