Me ake nufi da ruwan lemo mai haske a zanen intanet da ɗab'i?

Idan masu tsara shafukan intanet ko masu zanen kayan ɗab'i suka ce ruwan lemo mai haske, suna nufin launin ruwan lemon da aka sirka da fari har zafinsa ya mutu, ya tsaya tsakanin ruwan hoda da ruwan madara. Dangi ne guda na launuka, wani ya fi karkata ga ja, wani ga rawaya. Shi ya sa ƙwararre ba ya yarda da suna kawai, sai an ba shi lamba.

A fuskar waya ko kwamfuta, kowane launi gamayyar haske uku ce: ja, kore da shuɗi, abin da ake kira RGB, kuma kowannensu yana tafiya daga 0 zuwa 255. Cikakken ruwan lemo a CSS, harshen da ake tsara kamannin shafukan intanet da shi, shi ne ja 255, kore 165, shuɗi 0, ana rubuta shi #FFA500. In ana so a haskaka shi, ba a taɓa jan. Kore da shuɗi ake ɗagawa. Misali #FFDAB9 yana da ja 255, kore 218, shuɗi 185. Wato shuɗin nan da babu ko ɗigonsa a cikakken ruwan lemo, shi ne yake sanyaya shi.

A takarda kuwa lissafin daban yake, kuma nan ne ake yawan shan mamaki. Injin ɗab'i na yau da kullum tawada huɗu gare shi, CMYK: siyan mai kama da ruwan bula, majenta mai kama da ruwan hoda mai ƙarfi, rawaya da baƙi. Babu farar tawada a cikinsu. To da me za a sirka? Da takardar kanta. Injin yana zuba ƙananan ɗigo-ɗigo na majenta da rawaya, kamar kashi 15 cikin 100 na farko da kashi 27 na biyun, ya bar sauran fili fayau. Ka ɗora gilashin ƙara girma a kan bugun, za ka ga ɗigon a warwatse, farin takarda na leƙowa ta tsakaninsu. Ido ne yake haɗa su daga nesa.

Saboda haka takarda tana da ta cewa. Mai sheƙi tana fito da launin tas. Ta jarida, da yake tana shan tawada, sai ɗigon ya bazu, launin ya yi duhu fiye da yadda aka gan shi a allo. Kuma launi mai haske ba ya ɓoye kuskure: majenta ta ɗan yi yawa, ya koma ruwan hoda, siyan ya ɗan shiga, ya yi kamar ya yi datti. A ganina duk wanda zai buga dubban kwafi da wannan launi bai nemi bugun gwaji a kan ainihin takardar ba, caca yake yi. Masu son tabbaci sukan koma ga tsarin Pantone, wanda aka fito da shi a 1963, inda ake dama tawada ta musamman mai lambarta. Kamfanin Pantone ɗin ne ma ya zaɓi Peach Fuzz, wani nau'in wannan launi mai lamba 13-1023, a matsayin launin shekarar 2024. Jaridar Financial Times ta Landan kuwa tun 1893 ta bi wata hanyar: takardar ce gaba ɗaya mai launin da ke tsakanin ruwan hoda da ruwan lemo, har ya zama tambarinta, shafinta na intanet ma bai rabu da shi ba.

Aikin da ya fi dacewa da wannan launi shi ne zama a baya, ya zama shimfiɗar da ake ɗora rubutu a kai. Ba ya kashe ido kamar fari fat, kuma yana sa shafi ya yi ɗumi. Matsalar tana tasowa ne idan aka ruɗu da kyansa aka ɗora masa farin rubutu. Ƙa'idojin WCAG 2.0 na sauƙaƙa wa kowa amfani da shafukan intanet, waɗanda W3C, hukumar da ke tsara ƙa'idojin intanet, ta fitar a 2008, sun nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1 ga ƙananan haruffa, 3 bisa 1 ga manya. Farin rubutu a kan #FFDAB9 kusan 1.3 ne kawai. Baƙi kuwa ya kusa 16. Mai raunin gani, ko mai duba waya a tsakar rana, ba zai karanta na farkon ba ko da ya ƙura ido.

Haka nan maɓallin da ake so a danna, in aka yi shi da wannan launi a kan farin shafi, ɓacewa yake yi, sai dai a kewaye shi da layi mai duhu. Shuɗi mai duhu da ruwan ƙasa mai duhu su ne suka fi zama da shi lafiya, na farkon don kishiyarsa ne a da'irar launuka, na biyun don asalinsu ɗaya.