Ƙarfen sabis kusa da gida: tambayoyin da 'yan layinmu suka yi ta yi min

Kwanakin baya wani kamfanin waya ya zo zai kafa ƙarfen sabis a filin wani dattijo a layinmu, tun kafin a zuba kankaren gindi unguwa ta ɗauka, wasu na cewa cutar kansa zai kawo, wasu su ce mata za su daina haihuwa. Da yake aikin wuta nake yi sai aka dinga tare ni a ƙofar masallaci bayan magariba, shine na ce bari in tattara amsoshin wuri ɗaya.

Malam, wai da gaske ƙarfen nan yana fitar da radiyeshan?

Eh yana fitarwa, amma kalmar ce ke ruɗa mutane don abin iri biyu ne. Akwai mai ƙarfin da zai iya lalata ƙwayar halittar jiki, irin na hoton ƙashi a asibiti, shi yasa za ka ga mai ɗaukar hoton ya laɓe bayan bango, kuma sai ya tambayi mace ko tana da ciki. Sai kuma wanda bai da wannan ƙarfin, shine na gidan rediyo da talabijin da waya. Abin da aka tabbatar wannan yana yi wa jiki in ya yi yawa sosai shine ɗumama nama. Kuma fa mun daɗe a cikinsa, tun iyayenmu na kama Rediyon Kaduna a gajeren zango, ita kanta GSM a 2001 ta shigo Najeriya.

Toh akwai iyaka ne ko kowa abin da ya ga dama yake yi?

Akwai. Wata hukumar masana ce mai zama a Jamus, ICNIRP, ta fitar da ƙa'ida a 1998 ta sabunta ta a 2020, ƙasashe da yawa ita suke bi. Sun duba inda zafin jiki ke fara hawa, wajen wat 4 a kowane kilo na nauyin mutum, sai suka raba shi gida 50 suka ce jama'ar gari kar su wuce 0.08, ma'aikatan da ke hawa ƙarfen kuma 0.4. Wayar hannu ita ma da nata awon, a Turai wat 2 ne a kowane kilo in an kara ta a kai, a Amurka 1.6. Kuma ana bibiya da gaske, a Satumban 2023 Faransa ta dakatar da sayar da iPhone 12 saboda an auna ta an samu 5.74 in tana hannu ko aljihu alhali iyakar hannu da ƙafa 4 ce, sai da Apple ya gyara manhajar wayar.

Amma ai an ce Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta ce waya na kawo kansa?

Ba haka ta ce ba. A 2011 sashenta mai binciken kansa, IARC, ya sa wannan radiyeshan a rukunin 2B, ma'ana akwai yiwuwar amma hujjar bata da ƙarfi, a ci gaba da bincike. Taba sigari tana rukuni na 1 wanda babu tantama a kansa, ita kuwa 2B harda ruwan ganyen alobera a ciki. Daga baya Hukumar Lafiya ta Duniyar ta sa aka tattara bincike 63 aka sake nazarinsu, sakamakon ya fito a 2024, ba a ga alaƙa tsakanin amfani da waya da kansar ƙwaƙwalwa ba, har ga waɗanda suka haura shekara goma suna riƙe da ita.

Ni gidana ne manne da ƙarfen, kenan na fi kowa sha?

Hajiyar da ta yi min wannan tambayar na tausaya mata don jikokinta a nan tsakar gidan suke wasa. Na ce mata Hajiya ki ɗauka mutum ne ya hau bene ya haska tocila can nesa, wanda ke gindin benen ai ba shi hasken ke duka ba, haka eriyar take, gaba take harbawa ba ƙasa ba, kuma ƙarfin yana faɗuwa da sauri da zarar ka matsa. Wayar da ke manne da kunnenki ta fi ƙarfen nan kai miki. Wani abin ma, in sabis yana layi ɗaya wayar ƙara ƙarfi take yi don ta kai ga ƙarfen da ke nesa, in yana kusa sai ta sassauta. Wanda hankalinsa bai kwanta ba ya sa a sifika ko iyafis, kar ya ɓata kuɗinsa kan sitikar da ake cewa tana tare radiyeshan. Mai na'urar bugun zuciya dai likitoci sun ce ya bar tazarar santimita 15 tsakaninta da waya, kar ya sa waya a aljihun ƙirji.

Abin da na ce maƙwabta su tsaya a kai shine janareta, ƙararsa da hayaƙinsa da dizal ɗin da ke zuba kusa da rijiya, da kuma ingancin gindin saboda iskar farkon damina. Dokar NESREA, hukumar kula da ƙa'idojin muhalli ta Najeriya, ta ce a bar mita 10 tsakanin ƙarfen da gidan mutane, wannan haƙƙinku ne ku tambaya.

5G fa da aka ce ita ta kawo korona?

Korona ƙwayar cuta ce, ta shigo Najeriya a Fabrairun 2020, 5G kuwa sai 2022 aka fara sayar wa jama'a.

Mu da ke zaune ƙarƙashin babbar wayar wuta fa?

Yauwa, nan ne wallahi nake so a ji tsoro. Ta fannin maganaɗisu akwai tsofaffin binciken da suka hango 'yar alaƙa da kansar jini ta yara a gidajen da awon ya haura 0.3 zuwa 0.4 na maikurotesla (ma'aunin ƙarfin maganaɗisu), ba a tabbatar shine sanadi ba amma ba a yi watsi da maganar ba. Abin da babu musu a kansa shine wutar kanta. Layin 330kV, wato mai bolt dubu 330, filin mita 50 ake ware masa, 25 kowane gefe, na 132kV kuma mita 30, amma je ka gani, shaguna da gareji da masu walda duk sun cika ƙarƙashin. Irin wannan wutar ba sai ka taɓa ta ba, in ka matso tsallakowa take yi. A Afrilun 2017 a Kalaba waya ta tsinke ta faɗa kan kwanon gidan kallon ƙwallo, matasa da dama suka rasu a wurin. Ni da idona na ga wani lebura ya ɗaga rodi zai miƙa wa na saman gini, wayar na tsit-tsit a kansa, na kwarma masa ihu ya saki rodin ƙasa, har na bar wurin jikina bai daina rawa ba.