Ku daina ɓoye ciki sai wata takwas kafin ku zo hoto

A 'yan kwanakin nan magana ɗaya nake ta gani a ɗakin awo, shi ya sa na kasa yin shiru. Ta baya-bayan nan yarinya ce mai cikin fari, uwar mijinta ta kawo ta daga wajen Batagarawa, tana tafiya tana dafe ƙugu. Katin awonta fari fat, ko layi ɗaya babu. Mai hoto ya shafa mata man nan mai sanyi, ya auna kan jariri, ya auna cikinsa, da ya zo ƙashin cinya sai ya tsaya. Ya sake aunawa. Kai yana nuna wata takwas, cinya kamar wata shida. Na tambaye ta rabonta da al'ada, ta sunkuyar da kai. Uwar mijin ce ta amsa: "Wajen azumi ne, ko bayan salla." Sai kuma ta matso ta ce, "Malama, namiji ne ko mace?"

Haba Hajiya! Wata takwas kuna zaune da ita a gida.

Zuwan nan a makare shi ne yake ci mini rai. Gajeren ƙashi a hoto ba abu ɗaya ba ne. Wani gadon gida ne, dangi duk gajeru. Wani mabiyiya ce ba ta ciyar da shi sosai, musamman ga mai hawan jini. Wani kuma ciwon ƙashin ne kansa, wanda ire-irensa sun haura 400. Abin da ke taimaka mana mu rarrabe shi ne sanin lokacin da gajartar ta fara, da yadda ƙashin ke ƙaruwa daga wannan hoto zuwa wancan. Wadda ba ta taɓa zuwa ba, da me za mu gwada nata?

Masu tsanani cikin ciwukan ƙashin nan suna bayyana da wuri, a hoton sati 18 zuwa 22: ƙasusuwa gajeru ƙwarai, wasu a lanƙwashe, wasu da karaya tun a ciki. Likita ya fi kallon ƙirji a kan ƙafa. Idan haƙarƙari ya matse, huhu ba ya samun wurin girma, kuma irin wannan jariri yawanci ba ya daɗewa bayan haihuwa. Magana ce mai ɗaci, na sha riƙe hannun uwa ana faɗa mata. Duk da haka gara ta ji a zaune, da mijinta a gefe, da ta tarar da abin tsakar dare tana kan gwiwa.

Wadancin da muka saba gani kuwa sai bayan sati 24 yake fitowa sosai a hoto. Wada yana rayuwa, hankalinsa lafiya lau, yana karatu, yana sana'a, yana aure. Mafi yawansu iyayensu masu tsayi ne kamar kowa, don haka ku bar ɗora wa uwa laifi wai ta yi wa wani dariya ko ta tsallaka abin aljanu. Sai dai kansa yakan yi girma, haihuwar gida kasada ce, sau da yawa sai an yi aiki.

Na san kunyar cikin fari, ni ma a gidan Hausa na tashi. Ki ɓoye wa maƙwabta in kina so, amma kada ki ɓoye mana. Ku kuma magidanta, tun ciki na wata biyar kun fara cinikin ragon suna, amma kuɗin hoto ɗaya sai a ce a bari ya ƙara girma. Ya girma ya kai ina? Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta je awo sau 8, ta yi hoto kafin sati 24. Hoton nan da sauti yake aiki, ba ya ƙona jariri.

A taƙaice:
- Al'ada ta ɗauke, ki rubuta ranar, ki zo awo.
- Hoto a wata na biyar, kada ya wuce.
- An ce ki dawo a sake aunawa, ki dawo da tsohuwar takardar.
- An taɓa haifar irin wannan jariri a danginku, musamman in auren zumunci ne, ki faɗa.
- Ba jiƙo, ba rubutu da zai ƙara tsawon ƙashi. Ku yi addu'a, ku zo asibiti.

Yarinyar nan mun tura ta Asibitin Koyarwa na Tarayya a nan Katsina, don likitan mata ya sake duba ƙirjin jaririn. Na ce wa uwar mijin wannan karon da mijin za su tafi.